Amsa: Yadda nake koya wa ɗalibai gane zaizayar haƙori

Malama, kin tambayi yadda za ki sa ɗalibanki su daina rikita zaizayar asid da ruɓewar haƙori. Ni dai na daina farawa da allo, kofin zobo da lemun kwalba nake shigo da su aji mu gwada da takardar awon pH (ma'aunin asid, ƙaramar lamba na nufin asid mai ƙarfi), in suka ga lemon ya sauka wajen 2.5 alhali enamel, wato ɓawon waje na haƙori, yana fara narkewa ne a ƙasa da 5.5 sai ki ga ido ya buɗe.

Daga nan sai kilinik. Su busar da haƙorin tukuna, su nemi ɗan ramin nan mai kama da cokali a saman matauni, ko ciko da ya yi tsaye shi kaɗai haƙori ya zaizaye kewaye da shi. In cikin haƙoran gaba na sama ne ya cinye, to su tambayi ƙwannafi ko amai saboda asid ɗin ciki, musamman mai juna biyu. Ma'aunin BEWE na tantance zaizayar haƙori kuwa mai sauƙi ne, a raba baki kashi 6, a ba kowane kashi maki 0 zuwa 3.

Abin da suke yawan mantawa shi ne tambayar abinci, tsamiya, lemun tsami a shayi, da masu goge baki da gawayi.