Amsa ga yarona: dalilin da ya sa ba ma shayar da sabon dashen faspalam da ruwan zartsi

Ka tambaye ni, tun da an ce wannan ciyawa tana jure gishiri, me ya sa muke wahalar kawo mata ruwan daɗi bayan ga ruwan zartsi a kusa, kuma me ya sa muka ɓata kwanaki muna haƙa magudanan ruwa kafin mu dasa ko tsinke ɗaya. Tambayarka ta yi, yarona, don a nan ne masu aikin nan da yawa suke yin asara.

Fara sanin ciyawar tukuna. Masana suna kiranta Paspalum vaginatum, mu kuma a bakin aiki faspalam muke cewa. Asalinta ciyawar bakin teku ce a ƙasashe masu zafi, inda ruwan teku ke malale ta ya koma. Tana yaɗo ta sama da ta ƙarƙashin ƙasa kamar kiri-kiri, kowace gaɓa ta taɓa ƙasa sai ta yi saiwa. Ganyenta ya fi na kiri-kiri duhun kore da sheƙi, yana da wani santsi da ke hana raɓa zama a kai. Tana jure kwanciyar ruwa, tana jure ranakun hadari da rana ba ta fitowa sosai, amma inuwar bishiya tana kashe ta sannu a hankali. Ana shimfiɗa ta a filayen golf da na ƙwallo, ana ɗaure rairayin gaɓar teku da ita, dabbobi kuma suna ci a inda wata ciyawa ba ta fitowa. Jami'ar Jojiya a Amurka ta daɗe tana inganta irinta, kuma nau'in da ake kira Platinum TE shi aka shimfiɗa a filayen gasar cin kofin duniya ta 2022 a Katar.

To, jure gishirin da ake faɗa, na babbar ciyawa ne wadda ta kama ƙasa. Ita ce ke iya tsare sinadarin sodiyam da ke cikin gishiri a wani ɓangare na jikinta inda ba zai yi ɓarna ba, ta riƙe fotasiyam ɗinta. Sabon dashe ba shi da saiwar da zai yi wannan aiki. Ka san gishiri yana jan ruwa zuwa gare shi. Idan ya yi yawa a ƙasa, sai saiwar ta kasa tsotsar ruwa ko da ƙasar jiƙe take sharkaf. Za ka ga tsiron yana yaushi, ka ƙara ruwan zartsi kana ganin taimako ne, alhali ƙara masa ƙishirwa kake yi. Saboda haka ruwan daɗi za mu riƙa ba shi, kaɗan-kaɗan sau da yawa a yini, har ya rufe filin, wata biyu ko uku gwargwadon zafi. Bayan nan ne za mu fara gauraya ruwan zartsin, mu riƙa ƙara shi a hankali.

Magudanan kuwa, su ne rabin aikin. Ciyawar ba ta cinye gishiri. Ruwan teku yana ɗauke da kusan giram 35 na gishiri a kowace lita. Na rijiyar zartsi bai kai haka ba, amma duk ruwan da ka zuba, rana za ta ɗauke ruwan ta bar gishirin a wurin. Yau kaɗan, gobe kaɗan, sai ka wayi gari ka ga farin ɓawo a kan ƙasa. Maganinsa ɗaya ne: lokaci-lokaci a yi ban-ruwa mai yawa fiye da abin da ciyawar ke buƙata, ruwan ya narkar da gishirin ya gangara da shi ƙasa da saiwa, magudana ta fitar da shi. Ƙasar jigawa mai rairayi tana ba da hanya cikin sauƙi. Laka ce matsala, don sodiyam yana daskarar da ita har ruwa ya daina ratsawa, shi ya sa muke huda ƙasar mu zuba jifsam, wani farin ma'adini da ke sassauta laka.

Abu biyu nake so ka kiyaye idan na bar ka da filin. Kada ka cika mata yuriya. Ba ta son naitirojin da yawa kamar kiri-kiri. In ka cika, sai ta yi kumburi ta tara matattun kara a ƙarƙashi, injin yanka ya zo ya ƙwaƙule ta ya bar tabo ja. Fotash, wato takin fotasiyam, ta fi buƙata, musamman a ƙasa mai gishiri, tun da wankin da muke yi yana tafiya da shi. Yankan ma a riƙa yi akai-akai da wuƙa mai kaifi, kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsayin ganyen.

Na biyu, kada ka fesa maganin ciyawa sai ka tambaye ni, don da yawa daga cikinsu suna ƙona ta. In wani hakin ya fito a tsakiyar filin da ya riga ya kama, sau da yawa ɗan gishiri a kansa ya isa, a kan hakin kaɗai, sannan ka tuna shi ma sai an wanke shi daga ƙasar.