Amsa kan gyaran zanen tallar man gemu da ɗalibai suka yi

Assalamu alaikum, Malama. Na karanta tambayarki game da aikin da kika ba ɗalibanki na zana tallar man gyaran gemu, inda kika ce sun cika takarda da hotuna da rubutu har ido ya rasa inda zai sauka, kuma kina neman yadda za ki nuna musu gyara ba tare da kin karya musu gwiwa ba. Na daɗe ina zanen talla, kuma kayan gyaran jiki irin su man gashi, kumfar aski da turaren hammata sun fi yawa a cikin abin da ya ratsa hannuna, don haka bari in faɗi abin da aikin ya koya mini.

Cunkoson da kike gani alama ce ta wata matsala da ta riga shi faruwa, wato ɗalibin ya buɗe kwamfuta kafin ya yanke shawarar abin da yake son faɗi. Wanda bai zaɓi magana ɗaya ba zai zuba duk abin da ya sani: man yana tausasa gemu, yana hana ƙaiƙayi, yana da ƙamshi, yana sa sheƙi, an yi shi da tsirrai. Ni ma haka na fara. Tallar farko da na yi wa wani kamfani na jera amfani biyar a kanta, kowanne da launinsa, ina ganin na yi bajinta. Wanda yake duba aikina ya manna ta a bango, ya sa na ja da baya zuwa ƙarshen ɗaki, ya ce in kalla na daƙiƙa uku in juya baya, sannan ya tambaye ni me na gani. Ban iya tuna ko sunan kayan ba, alhali ni na zana. Har yau da wannan gwajin nake auna aikina, kuma ina ba ki shawarar ki yi shi a aji, domin ɗalibi ya fi yarda da kuskuren da idonsa ya nuna masa a kan wanda malami ya faɗa masa.

Saboda haka, kafin kowa ya taɓa zanensa, ki sa ya rubuta jimla ɗaya a takarda: wa ake yi wa tallar, kuma wane alkawari guda ake yi masa. Wannan shi ne abin da Rosser Reeves, wani masanin talla na Amurka, ya yi fice da shi a tsakiyar ƙarni na 20, cewa kowace talla ta tsaya a kan amfani ɗaya da abokan gasa ba sa da'awarsa. Saurayin da gemunsa ya fara fitowa yana fama da ƙaiƙayi daban yake da magidancin da ke son ya fita aiki tsaf, kuma hoto ɗaya ba zai yi musu magana tare ba. Wani lokaci ma mai saye ba shi ne mai amfani da kayan ba. Tallar Old Spice ta 2010, wadda ta yi suna a duniya, sabulun wankan maza take tallatawa, amma da mata take magana kai tsaye, domin kamfanin ya lura su ne suke yawan saya wa mazajensu.

Inda kayan gyaran jiki suka fi wahala shi ne abin da ake sayarwa ba ya ganuwa. Ba a ɗaukar hoton ƙamshi, ba a ɗaukar hoton taushi, shi ya sa ɗalibai suke fakewa da walƙiya, taurari da hayaƙi a bayan kwalba. Abin da ke aiki shi ne a nuna sakamakon ko a nuna jikin kayan da kansa. Hoton gemu daga kusa, da haske yana zuwa daga gefe ta yadda kowane silin gashi zai fito, ya fi kalmar "taushi" sau goma. Ɗigon mai guda a bakin kwalba, ko a kan yatsa, yana gaya wa mai kallo kaurinsa ba tare da rubutu ba. Idan za a sa mutum a hoton, a kula da inda yake kallo, domin idon mai kallo yana bin idon wanda ke cikin hoto. In ya kalli wajen takarda, hankalin mutane ma can zai tafi, ya bar kwalbar. Haka kuma ki hana su goge fatar mutum a kwamfuta har ta koma kamar roba, domin mai saye yana gane ƙarya da wuri. Kamfanin sabulun Dove tun 2004 ya gina tallarsa a kan mata na yau da kullum maimakon fitattun masu tallan kaya, kuma mutane sun karɓa.

Batun rubutu kuwa, David Ogilvy, wani shahararren masanin talla ɗan Birtaniya, ya ce masu karanta kanun talla sun ninka masu karanta jikinta sau biyar, don haka a can ya kamata ɗalibi ya kashe lokacinsa. Ki sa kowa ya rubuta kanu ashirin kafin ya zaɓi ɗaya, za ki ga na farko-farkon duk maganganun da kowa ya saba ji ne. Salon haruffa biyu sun isa, ɗaya na kanu, ɗaya na bayani, kuma idan da Hausa aka rubuta tallar a tabbatar salon yana da ɓ, ɗ da ƙ, don kada su fito da wata siffa dabam a tsakiyar kalma. Ɗaliban kuma su guji da'awar da ba za a iya tabbatarwa ba, kamar cewa man yana tsirar da gemu cikin mako guda, domin wannan ya zama da'awar magani, kuma hukumomin kula da talla ba sa wasa da ita.

Launi biyu ko uku da aka ɗauko daga jikin kwalbar sun wadatar, sannan a bar sarari ya huta kewaye da ita. Ɗalibai suna tsoron fili babu komai, suna ganin ɓarnar takarda ce, alhali shi ne yake sa kaya su yi kama da masu daraja.

Akwai kuma abin da sai an je madaba'a ake gane shi. Na taɓa zana baƙar kwalba a kan shuɗi mai duhu, ta yi kyau matuƙa a fuskar kwamfuta, amma da aka buga sai ta narke cikin bangon, tambarin kaɗai ya rage. Kwamfuta da haske take nuna launi, injin buga takarda kuwa da tawada huɗu yake aiki, tsarin da ake kira CMYK, kuma launuka masu ƙyalli sukan dushe a cikinsa. Ɗaliban su mayar da aikin zuwa wannan tsari tun farko, hotuna su kasance da ɗigo 300 a kowane inci, su ƙara milimita 3 a kowane gefe saboda yanka, sannan su buga gwaji ko da a ƙaramin inji ne.

Game da karya gwiwa da kike tsoro, ni abin da nake yi shi ne ba na ce wa ɗalibi zanensa bai yi ba. Nakan ce ya ajiye na farkon, ya yi kwafi, ya cire abubuwa uku daga kwafin ba tare da ya ƙara komai ba, sannan a manna su biyun gefe da gefe, 'yan aji su ja da baya su faɗi wanda suka fi saurin ganewa da kuma sunan kayan da ke jikinsa.