Ina amfanin tsoron Allah ga wanda ya san Allah ƙauna ne?

Ɗan'uwa, ka tambaya yadda Kirista zai ji tsoron Allah alhali 1 Yahaya 4:18 ta ce cikakkiyar ƙauna tana korar tsoro. Ayar da kanta ta fayyace irin tsoron da take nufi, wato fargabar hukunci, kuma wannan ne Almasihu ya ɗauke wa mai bi.

Ka duba Fitowa 20:20, inda jama'a suka razana a gindin Dutsen Sinai, sai Musa ya ce musu kada su firgita, domin Allah ya zo ne ya gwada su, tsoronsa ya zauna a zukatansu don kada su yi zunubi. A magana ɗaya ya hana firgita, ya kuma nemi tsoron da ke tsare mutum daga saɓo. Irin wannan tsoron ne ya sa ungozoma biyu, Shifra da Fu'a, suka ƙi umarnin Fir'auna na kashe jarirai maza na Ibraniyawa.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne Littafin Firistoci 19:14, wanda ya hana zagin kurma da sa wa makaho abin tuntuɓe, sannan ya ce ka ji tsoron Allahnka. Kurman ba zai ji ba, makahon ba zai gani ba, Allah kaɗai ne shaida. Haka yake ga Kiristan da ke awon hatsi a kasuwar Dole nan Damagaram: yana cika tiya daidai ko da mai saye yaro ne da aka aiko, wanda ba zai gane an rage masa ba.