Muryar WhatsApp: Amsa Ga Hajiya Kan Fenti Biyu Masu Ruwan Toka

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Hajiya, na ga hoton katin fenti biyu da kika ɗauko daga shago a unguwar Adum da ke Kumasi, kina tambayar wanne zai fi dacewa da falonki na unguwar Aboabo, tun da dukansu ruwan toka ne mai sirkin shuɗi, har ido ya kan kasa raba su.

Kada ki yanke hukunci da hoton waya, domin kyamara tana gyara haske da kanta. Ki ɗora katunan a kan farar takarda kusa da taga, za ki ga na farkon yana da ɗan kore a ƙarƙashin tokarsa, na biyun kuwa ya karkata zuwa shunayya, kuma nan ne bambancin yake.

Kin ce tagar falon tana kallon yamma, tayil ɗin ƙasa kuma ruwan ƙasa ne. To, hasken la'asar ja-ja yake shigowa, idan ya sauka a kan na biyun sai shunayyar ta fito fili, bangon ya koma kamar ɗakin amarya, alhali ba abin da kike nema ke nan ba. Na farkon kuwa yana zama lafiya da wannan haske da kuma tayil ɗin, shi ya sa ni shi zan zaɓa.

Ki duba kwalin ƙwan lantarkinki ma, akwai lambar da ke nuna launin haskensa. Idan an rubuta 6500K, farin haske ne mai ƙara wa shuɗi ƙarfi, har falo ya yi sanyi kamar asibiti. Mai 3000K ya fi taushi da dare. Sannan ki nemi fenti mai ɗan sheƙi wanda ake gogewa da jiƙaƙƙen tsumma, saboda kin san yadda jar ƙurar hunturu take kwanciya a bangon Kumasi daga Disamba zuwa Fabrairu.

Kafin ki sayi bokiti, ki sayi ƙaramin gwangwani na kowanne, mai fenti ya yi shafi biyu a bangon da ke fuskantar taga, a bar shi ya kwana ya bushe, domin ɗanyen fenti ba ya nuna launinsa na gaskiya. In Allah ya yarda, ranar Asabar bayan sallar la'asar zan biyo in gani da idona.