Hoton Mandelbrot Ya Ƙi Fita Daidai

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibin lissafi ne a Samaru, Zariya. Na rubuta kod da Python don zana hoton Mandelbrot, amma siffar ta fito a karkace, laftof kuma sai ya ɗau zafi kafin ya gama. A waya ma, in na yi ta zuƙo hoton a wata manhaja, sai ya koma tubali-tubali. Ina matsalar take?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Kowane ɗigo a hoton lamba ce c mai sassa biyu, a da b. Daga z = 0 ake farawa, a yi ta maimaita z² + c, kowace amsa ta zama sabon z. Gwada da biro tukuna: in c = 1, za ka samu 0, 1, 2, 5, 26, ta gudu ke nan. In c = −1 kuwa, sai ta yi ta kai-komo tsakanin 0 da −1. Irin waɗannan da suka ƙi gudu su ake shafa wa baƙi. Masana lissafi Julia da Fatou sun yi nazarin wannan maimaici a Faransa tun wajen 1918 da takarda kawai, sai a 1980 Mandelbrot, masanin lissafin da hoton ya ci sunansa, ya fitar da hotunansa a kamfanin IBM.

Batun karkacewa, ina kyautata zaton ka sauya x kafin ka lissafa y, wato sassa biyu na z. Sabon x shi ne x² − y² + a, sabon y kuma 2xy + b, amma da tsohon x ake lissafa shi. Ka ajiye sabon x a wani suna, misali t, ka gama da y, sannan ka mayar da t cikin x.

Zafin ba abin mamaki ba ne. Hoto mai 800 sau 600 ɗigo 480,000 ne, kuma kowane baƙin ɗigo sai ya cinye duk zagayen da ka ware. Fara da zagaye 100, ka tsayar da ɗigo da zarar x² + y² ya haura 4. Duk inda (a + 1)² + b² bai kai 1/16 ba, baƙi ne, kada ka ɓata lokaci a kansa. Ka kuma koma NumPy, wani kayan aikin Python mai lissafa lambobi da yawa a tare cikin sauri.

Tubalin nan kuwa ba laifin wayarka ba ne. Lamba mai bit 32 alƙaluma kusan 7 take riƙewa, mai bit 64 kusan 16. Da tazarar ɗigo biyu ta gaza haka, sai na'ura ta ɗauke su c ɗaya. A laftof, mpmath, wani kayan aikin Python, zai ƙara maka alƙaluma, sai dai yana da nawa ƙwarai, don haka ka rage girman hoton, ka jira a kawo wuta.