Tambaya da amsa: In bi abokaina hawan dutsen Rajmachi a daminar nan?

Tambaya:

Assalamu alaikum Yaya. Ni ɗalibi ne a Pune, wannan ce daminata ta farko a Indiya. 'Yan ajinmu sun haɗa kuɗi za mu hau Rajmachi ƙarshen makon nan da wani mai shirya tafiya da suka samo a Instagram. Na saba hawan dutse a gida amma da rani, wallahi abinda ke damuna hazo ne, naga bidiyo mutum baya ganin na gabansa, ga kuma maganar matsattsaku. Shi mai shirya tafiyar yace akwai 'yan rafuka a hanya amma ruwan iya ƙauri ne, ko an yi ruwan sama in ya ɗauke sai mu wuce. Hankalina yaƙi kwanciya, inje ko in haƙura?

Amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Gara da ka tambaya, kuma da na karanta saƙonka ba hazon ne ya tayar min da hankali ba, maganar ƙarshen nan ce ta mutumin naku. Bari in sallami hazo da matsattsaku tukunna.

Hazon duwatsun Sahyadri, inda Rajmachi yake, a Yuli gajimare ne ke sauka ya zauna a kan dutsen, ba irin ƙurar hunturunmu bace, cikin 'yan mintuna sai ka nemi hanya ka rasa. In ya rufe ku kowa ya tsaya inda yake, ku matso ku ƙirga kanku, kada wanda ya leƙa bakin gaɓa don hoto saboda ciyawar damina tana ɓoye inda ƙasa ta ƙare. Ka sauke taswira a waya tun kana gari don sabis ɗaukewa yake, wayar a leda, usur a wuya, tocila a jaka. Matsattsaku kuwa ƙyama ce kawai, ka tura ƙafar wando cikin safa, in ta kama ka sa farce ka zame bakinta a hankali, ka wanke ka danne wajen, zai ɗan jima yana jini kuma ba komai. Abinda zaka riƙe shine in zazzaɓi ya kama ka cikin sati biyu zuwa uku bayan ka dawo, ka faɗawa likita ka shiga ruwa da laka, saboda cutar leptospirosis tana yawa a daminarsu.

To yanzu mu zo kan "in ya ɗauke sai mu wuce". Wallahi maganar nan na gaji da jinta, duk damina sai na jita daga bakin masu kiran kansu ja-gora, kuma ita ke kai mutane lahira. Ruwan da ke cikin rafin gabanka ba wanda ya sauka a kanka bane, wanda ya sauka can sama ne, a kan tudun da hazo ya hana ka gani. Kai kana tsaye ko yayyafi babu, can bisa ana zabga shi kamar da bakin ƙwarya, kuma dutsen nan baƙin dutse ne mai tauri da 'yar ƙasa kaɗan a kansa wadda zuwa Yuli ta riga ta ƙoshi, bata shan komai, duk abinda ya zubo gangarowa yake ya haɗu a kwari ɗaya. Sau da yawa lokacin da ruwan sama ya ɗauke a wajenka shine daidai lokacin da na sama yake isowa. Kai Bahaushe ne ai kasan abin, rafin da yake busasshe yara na wasa a yashi sai kawai kaji ance ya kawo alhali garin ko hadari babu. To nan haka ne, sai dai gangaren ya fi tsayi kuma ruwan ya ninka namu nesa ba kusa ba.

Kuma zaman Pune yana yaudarar ku ɗalibai. Birnin a bayan duwatsun yake, iskar da ke ɗebo ruwa daga Tekun Larabawa sai ta juye kayanta a kan tsaunin kafin ta iso ku, shi yasa Pune bata cika kai milimita 800 a shekara ba amma garin Lonavala da take can kan tsaunin kamar kilomita 65 daga nan tana haura 4,000. A ƙarshen Yulin 2024 Tamhini, wani waje a cikin tsaunukan nan, ta sami milimita 556 cikin kwana ɗaya tak, fiye da rabin abinda Kano ke samu a shekara guda. Don haka ka leƙa taga a hostel kaga gari garau bai gaya maka komai ba.

"Iya ƙauri" ɗin ma ƙarya ce ta wani wajen. Ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babban mutum, kuma in saurinsa ya ninka biyu ƙarfin turinsa ninki huɗu yake yi, ga dutsen ƙasan duk gansakuka, santsi kamar an shafa sabulu. In ka faɗi ba iyo zakayi ba ƙanena, ko kai ɗan Sarkawa ne, ruwan buga ka zai dinga yi da duwatsu, kuma yawancin rafukan nan 'yan mitoci kaɗan a ƙasa akwai inda suke zubowa daga gaɓa. Ranar 30 ga Yunin 2024 a bayan dam ɗin Bhushi, nan Lonavala, wasu iyali daga Pune suna shaƙatawa a ruwa marar zurfi ya taso musu lokaci ɗaya, suka rungume juna a tsakiya mutane na bakin gaɓa suna kallo an rasa yadda za a kai gare su, mace ɗaya da yara huɗu suka rasu. Bayan nan ne hukumar gundumar Pune ta sa dokar hana shiga ruwa a wuraren, amma dokar takarda ce, ɗan sanda baya bin ka cikin daji.

Na taɓa tsayawa da mutanena a bakin wani rafi da muka tsallaka da safe ruwan fari tas kana ganin tsakuwa. Da la'asar muna dawowa na kafa sanda a bakin ruwan na duba agogo, kafin minti goma ya hau sandar da kusan taƙi guda, kalarsa ta koma ta shayi da madara, ganye da ƙirare na wucewa, kuma kana jin wani gum-gum a ƙasa, duwatsu ne ke mirginawa. Muka koma rumfar wani baƙauye muka sha shayi muna karkarwa. Sai ga wani mai shirya tafiya da mutum wajen arba'in a bayansa, 'yan mata da silifas, wai su riƙe hannun juna su yi layi su ratsa saboda motar haya na jiransu. Sai da muka ɗaga murya da shi, da taimakon tsohon mai rumfar aka hana. Bayan kamar awa uku ruwan ya sauka kowa ya wuce lafiya. Haka rafukan nan suke, yadda suke saurin tashi haka suke saurin sauka, maganinsu jira ne kawai, amma wanda ya karɓi kuɗin mutum arba'in ya biya direba zuwa ƙarfe bakwai ba zai so jira ba. Nan ne haushina yake, mutum ya buɗe shafi ya zuba hotuna masu kyau shikenan ya zama gwani, bai san sunan ƙauyen da zai nemi taimako ba, jakarsa ko bandeji babu.

Layin riƙe hannun nan in mutum ɗaya ya zame duka yake ja. Ɗaura igiya a ƙugu ya fi shi muni, in ka faɗi igiyar ce zata riƙe ka ƙarƙashin ruwa. In rafin fari ne, a natse, bai kai gwiwa ba kuma ba gaɓa a ƙasansa, ka kwance maɗaurin jakarka na ƙugu da ƙirji, takalmi a ƙafa, sanda a hannu, ka fuskanci inda ruwan ke fitowa ka tafi a karkace. In ya canza kala ba a shiga, ko da kwana ne ya kama ku a Udhewadi, ƙauyen da ke gindin Rajmachi, mutanensa sun saba saukar da baƙi.

Nasan wani cikin abokanka zai ce ai in kwana bai ƙare ba ba abinda zai faru. Gaskiya ne rai na hannun Allah, amma Shi ne Yace kada mu jefa kanmu cikin halaka, kuma iyayenka da suka tattara abinda suke da shi suka turo ka karatu, ka tuna wahalar ɗauko gawa daga Indiya zuwa gida kafin ka sa ƙafa a jan ruwa don kada ace ka ji tsoro.

Kaje ko ka haƙura? Ka duba sanarwar hukumar yanayi ta Indiya, IMD, daren Juma'a da kuma asuba, ka nemi abinda suka ce kan yankin tsaunukan Pune da Raigad ba birnin ba. In kalar gargaɗin da suka sa ruwan lemo ce ko ja, ka zauna, kuɗin su tafi, a irin ranakun nan har ƙasa zaftarewa take kamar yadda ta binne ƙauyen Irshalwadi a Yulin 2023. In ba haka ba, ka tambayi mutumin naku mutum nawa zai ɗauka, ja-gora nawa, akwai ɗan ƙauyen a cikinsu, kuma ƙarfe nawa za a juyo ko an kai ko ba a kai ba. In ya fara kame-kame, ku sauka tashar jirgin ƙasa ta Malavli ku hau dutsen Lohagad, daga gindinsa matakala ce har sama kuma hazon da koren da kuke son gani duk suna nan. Kada ka sa wandon jins, in ya jiƙe baya bushewa kuma sanyin iskar sama ba wasa bane, ka ƙulle busasshiyar riga a leda, ka rubuta lambar gaggawa 112 a takarda, ka bar wa wani a hostel sunan hanyar da lokacin da ya kamata ya ji daga gare ka.