Katifar iska za ta yi wa baƙuwar wankan jego?

Ɗan'uwa, ka ce surukarka za ta zo wankan jego ƙauyenku wajen Gumel, kana tunanin saya mata katifar iska. Katifar baƙon kwana biyu ce, ba ta mai kwana arba'in ba, kuma dattijuwa za ta sha wuyar tashi daga kanta.

In dai ita ce a hannu, share ɗakin tas ka shimfiɗa tabarma tukuna, don ƙaya ɗaya ko tsinken kara ya isa ya huda ta. A hunturu iskar cikinta sanyi take ɗauka, sai ka ɗora bargo a kai. Da asuba ka ga ta ɗan saki, ba lalle huda ba ce, sanyi ne ya tsuke iskar, ƙara mata kaɗan. Kada ka cika ta tam, ɗinkin ne ke fara buɗewa. Nemi famfon ƙafa, tunda wuta sai an gani.

Nesanta ta da kaskon wuta da maganin sauro. In ta huje, ruwan sabulu zai nuna wurin da kumfa.

Jaririn kuwa kada a kwantar da shi a kai ko sau ɗaya, laushinta na iya toshe masa hanci.